Gayyar da Babu Tuwo: Me Ya Tara Marubutan Wikipedia, Me Ya Kore Su?

A watan Maris na shekarar 2000, wani ƙaramin kamfanin intanet mai suna Bomis da ke birnin San Diego na Amurka ya buɗe shafin da ya kira Nupedia. Burinsa shi ne a tara kundin ilmi irin Britannica, masana su rubuta shi kyauta, kowa kuma ya karanta kyauta. Jimmy Wales, ɗaya daga cikin masu kamfanin, shi ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma naɗa Larry Sanger babban edita. A lokacin Sanger yana gab da kammala digirinsa na uku a fannin falsafa a Jami'ar Jihar Ohio.

Sanger mutum ne mai tsantseni, don haka ya shimfiɗa tsari mai hawa bakwai. Mai son rubutu sai an duba cancantarsa kafin a ba shi maudu'i. Idan ya gama, a nemo masa babban mai bita, wanda aka fi so ya zama mai digiri na uku, bayan nan a buɗe rubutun ga sauran masana, sannan masu gyaran nahawu su bi shi, kafin a buga masa hatimi. Wanda ya saba da mujallun jami'a ba zai ga aibin wannan tsari ba, domin haka suke aiki. Sai dai watanni suka shuɗe kafin maƙala ta farko ta fito, a kan wani salo na kiɗan Turai. Ranar da aka rufe Nupedia a watan Satumba na 2003, maƙalolin da suka tsallake hawa bakwai ɗin ba su kai talatin ba.

Shi kansa Wales ya ɗanɗana kuɗar tsarin. Ya karanci harkar kuɗi, ya kuma yi aiki a kasuwar hada-hadar kuɗi ta Chicago, saboda haka ya zauna zai rubuta maƙala a kan Robert Merton, masanin tattalin arziki da ya sami kyautar Nobel a 1997. Daga baya ya sha ba da labarin yadda gabansa ya faɗi da ya tuna cewa farfesoshi ne za su duba rubutun, ya ji kamar an mayar da shi aji ana jiran a ba shi maki. Idan mai gida yana jin tsoron ƙofar gidansa, ba a tambayar halin baƙo.

Mafita ta zo daga wajen masu rubuta manhaja. Tun a 1995 wani injiniya mai suna Ward Cunningham ya ƙirƙiro shafin da duk mai karatu zai iya gyarawa nan take, ba tare da neman izinin kowa ba. Ya kira shi WikiWikiWeb, daga kalmar da ke nufin sauri a harshen mutanen Hawai, wadda ya gani a jikin motar ɗaukar fasinjoji a filin jirgin saman Honolulu. A farkon Janairun 2001 wani abokin Sanger mai suna Ben Kovitz ya yi masa bayanin wannan dabara a wajen cin abincin dare. Ranar 10 ga watan aka jona wa Nupedia irin wannan shafi, da niyyar ya zama wurin tara ɗanyen rubutu kafin a kai shi gaban masana. Masanan suka ƙi yarda a haɗa sunansu da wurin da kowane mai wucewa zai sa hannu. Kwana biyar bayan haka, ranar 15 ga Janairu, aka ware shi da sunansa na kansa, Wikipedia. Kafin ƙarshen Satumba ta wuce maƙala 10,000, shekarar farko kuma ta ƙare da kimanin 20,000.

Abin lura shi ne ayyukan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Masu su ɗaya ne, manufa ɗaya, kuma babu wanda ake biyan marubuci ko sisi a cikinsu. Idan son taimakon jama'a kaɗai ke sa mutum ya zauna da dare yana rubutu kyauta, da Nupedia ta cika ta batse, tunda ita ma taimakon jama'a ta ce za ta yi. Masu kyakkyawar niyya suna nan tun farko, kuma suna da yawa. Abin da tarihin shekaru ashirin da suka biyo baya ya yi ta nunawa shi ne niyya ba ta zama aiki sai ta sami yanayin da zai karɓe ta, kuma yanayin nan yana da sauƙin lalacewa fiye da yadda masu kafa shi suka zata.

Benjamin Mako Hill, wanda ya yi digirinsa na uku a MIT, ya bi diddigin wasu ayyuka bakwai da suka yi yunƙurin gina kundin ilmi a intanet kafin Wikipedia ko tare da ita, irin su Interpedia ta 1993 da h2g2 wadda marubuci Douglas Adams ya kafa a 1999. Ya tattauna da waɗanda suka kafa su, ya fito da bambance-bambance uku. Wikipedia ta nemi mutane su gina abin da suka riga suka sani, domin duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatu ya san kamannin kundin ilmi, ba sai an koya masa ba. Ta kuma sauƙaƙa shiga, har mutum yana iya gyara harafi ɗaya ya tafi abinsa. Na ukun shi ne ya fi ban mamaki: ba a rubuta sunan kowa a saman maƙala. Da farko sai a ɗauka wannan zai kashe wa marubuci gwiwa. Hill ya ga akasin haka. Rubutun da ke ɗauke da sunan wani gonarsa ce, mai kunya ba ya shiga da fartanya sai an gayyace shi. Wanda ba shi da suna kuwa fili ne na kowa, kuma wanda ya fara shi ba ya jin nauyin ajiye shi da gurgunta, tunda ya san wani zai zo ya ƙarasa.

Mai karatu Bahaushe zai tuna da gayya, kuma kwatancen ya yi daidai har zuwa wani wuri. A gayya ma babu lada a hannu, kuma kowa kunya ɗaya yake kamawa. Amma mai gona yana dafa tuwo, ana dama fura, kuma wanda ya zo yau ya san gobe za a zo masa. A Wikipedia babu tuwo, babu kuma gonar da za a rama wa kowa. Abu ɗaya ya rage daga kayan gayya, shi ne makaɗin da ke tsaye a bakin gona da idon 'yan'uwa da ke kallon wanda ya riga kai ƙarshen kunya. Za a ga nan gaba cewa wannan ɗayan ya ɗauki nauyi mai yawa.

Batun kuɗi shi ya fara gwada jama'ar. A ƙarshen 2001 kasuwar kamfanonin intanet ta riga ta rushe, Bomis ta shiga matsi har ta kasa ci gaba da biyan Sanger albashi. A watan Fabrairu na 2002, cikin wani saƙo, Sanger ya ambaci yiwuwar a fara sa talla a shafukan Wikipedia. Magana ce ta wucewa, ba a yanke shawara ba. Amma Edgar Enyedy, ɗaya daga cikin jiga-jigan sashen Sifaniyanci, ya ce shi ba zai yi wa kamfani aikin banza ba. Lasisin da aka ɗora rubutun a kansa ya halatta wa kowa ya kwafa, saboda haka shi da mafi yawan abokan aikinsa suka kwashe maƙalolinsu suka koma wata na'ura a Jami'ar Sevilla, suka kafa Enciclopedia Libre. Sashen Sifaniyanci ya daɗe a kwance bai farfaɗo ba. Wales ya fito ya ce ba za a sa talla ba, a cikin shekarar aka sauya adireshin shafin daga na kasuwanci zuwa na ƙungiyoyin sa-kai, sannan ranar 20 ga Yunin 2003 ya kafa Gidauniyar Wikimedia ya miƙa mata komai.

Mutanen nan ba su nemi a raba kuɗin tallan da su ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. Sun yarda su yi aiki kyauta matuƙar kyauta ce ga kowa. Ranar da aikin zai zama riba ga mutum ɗaya, kyautar ta koma wauta a idonsu. Kamfanin Google ya gwada ɗaya hanyar a 2008 da shafinsa mai suna Knol, inda kowane marubuci ke sa sunansa a kan maƙalarsa, yana kuma iya samun rabo daga kuɗin talla. Ga suna, ga kuɗi, ga ƙarfin Google a baya. Masu tallata kansu da masu kwafe rubutun wasu suka yi masa yawa, aka rufe shi a 2012. Sanger ma, wanda ya bar Wikipedia a Maris na 2002, daga baya kuma ya yi ƙorafin ba a girmama masana, ya buɗe Citizendium a 2007, inda dole kowa ya yi amfani da sunansa na gaskiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Ƙorafinsa yana da tushe, amma sabon gidan bai taɓa tara jama'ar da za ta riƙe shi ba.

To idan ba kuɗi ba, kuma ba suna a saman takarda ba, mene ne? A 2007 wani mai bincike, Oded Nov, ya tambayi marubutan Wikipedia 151 dalilansu. Amsoshi biyu suka fi rinjaye: jin daɗin aikin, da aƙidar cewa ilmi ya kamata ya zama kyauta. Sai ya gwada amsoshin da yawan sa'o'in da kowa ke kashewa. Waɗanda suka fi jin daɗi su suka fi aiki. Aƙida kuwa, duk da yawan masu ambatonta, ba ta nuna alaƙa da yawan aikin da mutum ke yi ba. Mutum 151 ba su da yawa, kuma waɗanda suka ga dama ne suka amsa, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka ya dace da abin da aka sani daga wani fagen. Linus Torvalds, ɗalibin Jami'ar Helsinki mai shekara 21, da ya sanar da manhajar da ta zama Linux a watan Agusta na 1991, cewa ya yi abin sha'awa ne kawai yake yi a lokacin hutunsa. Aƙida takan kawo mutum bakin ƙofa, tana kuma ba shi amsar da zai bai wa iyalinsa idan suka tambaye shi abin da yake yi a gaban kwamfuta har tsakar dare. Abin da ke zaunar da shi ya fi wannan ƙanƙanta: daɗin gano ainihin shekarar da aka gina wata gada, ko ƙaiƙayin ganin kuskure a shafin garinsu wanda ba zai iya barci ya bar shi ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga inda ba a zata ba. Masana tattalin arziki sun daɗe da ra'ayin da Mancur Olson ya shahara da shi tun 1965, cewa gwargwadon girman taro gwargwadon yadda kowa zai noƙe, yana cewa wani zai yi. Bahaushe ma ya san jifan da ake yi a cikin kasuwa, da tulun da kowa ke sha babu mai cikawa. A watan Oktoba na 2005 gwamnatin Sin ta toshe Wikipedia a babban yankin ƙasar, toshewar da ta ɗauki kusan shekara guda. Dare ɗaya sashen Sinanci ya rasa ɗimbin masu karatu da marubuta, amma na Taiwan da Hong Kong da sauran ƙasashe ba abin da ya taɓa su. Xiaoquan Zhang da Feng Zhu suka ga dama ta samu ta auna ra'ayin Olson. In ya yi gaskiya, waɗanda suka rage za su ƙara himma tunda taro ya ragu kuma nauyi ya dawo kansu. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa gudummawar waɗanda ba a toshe ba ta faɗi da kashi 42.8 cikin ɗari. Waɗanda suka fi yawan hira da 'yan'uwansu a shafukan tattaunawa su suka fi ja da baya. Ba wanda ya hana su rubutu. Masu gani ne suka ragu, sai hannu ya yi sanyi.

Wani gwaji ya taɓo batun ta ɗaya gefen. Marubutan Wikipedia suna da al'adar manna wa juna hoton wani tauraron ƙarfe, irin wanda ake kafawa a jikin rumbunan manoma a wasu sassan Amurka, a matsayin yabo. Ba ya sayen komai, kuma kowa na iya bai wa kowa. Michael Restivo da Arnout van de Rijt na Jami'ar Stony Brook suka zaɓi mutum 200 daga cikin mafiya ƙwazo, suka manna wa 100 tauraron ta hanyar ƙuri'a, suka ƙyale sauran. Cikin kwana 90 aikin waɗanda aka yaba ya zarce na sauran da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Makaɗin gayya ke nan, ya kira sunan mutum sau ɗaya, fartanya ta ƙara sauri har la'asar.

A nan ne za a fahimci abin da ya sami wani yunƙurin na daban, na koyo a intanet. A ƙarshen 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a Jami'ar Stanford ga duk mai so, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kammala. Aka yi ta shelar cewa kwanan jami'o'i ya ƙare. Bayan shekaru, wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 a kan darussan MIT da Harvard ya nuna masu kammalawa ba su wuce kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ba a zangon 2017 zuwa 2018. Ƙofa a buɗe take kamar ta Wikipedia, kuma amfanin na mai koyo ne kai tsaye. Amma ɗalibin da ya daina zuwa a mako na uku babu wanda zai san ya tafi, kuma ba wanda ke jiran abin da ya koya. Marubucin Wikipedia shi ma ɗalibi ne, domin yawancinsu suna karanta abin ne a daren da suke rubuta shi. Bambancinsa shi ne karatunsa yana da mai jira, ko da mai jiran zai zo ne ya yi masa gardama.

Idan ganin mutane ke riƙe marubuci, to irin kallon da aka yi masa a ranarsa ta farko zai yi tasiri. Wannan shi ne babin da ya fi ɗaci a tarihin. A watan Mayu na 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida kuma tsohon mataimakin Robert Kennedy, yana danganta shi da kisan 'yan gidan Kennedy. Ƙaryar ta zauna watanni ba a lura ba. A ƙarshen Nuwamba Seigenthaler ya rubuta zazzafan sharhi a jaridar USA Today, cikin kwanaki kuma aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabuwar maƙala a sashen Ingilishi. A watan Disamban nan ne kuma mujallar Nature ta gwada maƙalolin kimiyya 42 na Wikipedia da na Britannica, ta sami kurakurai 162 a na farko da 123 a na biyu. Britannica ta yi watsi da hanyar binciken, amma duniya ta riga ta ji cewa aikin 'yan sa-kai ya kusa kamo na ƙwararru. Wikipedia ta zama abin da ake dogara da shi, wanda kuma ake dogara da shi dole ya yi tsaro.

Tsaron ya zo da dokoki masu yawa da manhajojin sintiri. Wasu suna soke ɓarna da kansu cikin daƙiƙoƙi, wasu kuma suna jera wa mai gadi sababbin gyare-gyare, ya danna maɓalli ɗaya gyara ya koma yadda yake, a kuma aika wa mai shi rubutaccen gargaɗi wanda ba ɗan'adam ne ya tsara masa shi ba. Maɓarnata sun sha kashi, wannan gaskiya ne. Amma a 2007 yawan masu gyara a kai a kai a sashen Ingilishi ya kai ƙololuwa, kimanin 51,000, daga nan ya fara gangara har ya sauko kusan 31,000 a 2013. Aaron Halfaker da abokan bincikensa suka bi sawun sababbin shiga na shekaru da dama. Sun gano cewa rabon masu kyakkyawar niyya a cikinsu bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne yawan waɗanda ake soke musu gyaran farko, kuma wanda aka soke wa da wuya ya dawo. Mutum ya zo da ɗan abin da ya sani, ya kashe sa'a guda yana koyon yadda ake sa shi, kafin ya sha ruwa an share, an bar masa takardar gargaɗi. Shekara shida bayan an gudu daga hawa bakwai na Nupedia, jama'ar da ta gudu ta gina nata matakan da hannunta, ba tare da wani ya zauna ya shirya hakan ba. Gidauniyar ta yi ƙoƙarin gyara: a 2012 aka buɗe wani zaure na musamman inda tsofaffin hannu ke amsa tambayoyin baƙi da sakin fuska, a 2013 kuma aka kawo hanyar gyara mai sauƙi wadda tsofaffin suka tarbe ta da faɗa.

Waɗanda ƙofar ta fi tsananta wa ba a rarrabe suke daidai ba. Binciken da Gidauniyar ta yi a 2011 ya nuna mata ba su wuce kimanin kashi 9 cikin ɗari na masu gyara ba, kuma abin da marubuta ba su damu da shi ba ba ya samun shafi. A watan Oktoba na 2018 Donna Strickland ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks, aka duba aka tarar ba ta da shafi. Wani ya rubuta mata a farkon shekarar, mai bita ya ƙi karɓa bisa hujjar cewa majiyoyin da aka kawo ba su nuna ta shahara ba. Irin wannan giɓi ya haifar da wani dalilin shiga wanda Nov bai auna ba, wato haushi. Jess Wade, masaniyar kimiyya a Imperial College da ke Landan, ta rubuta tarihin mata da baƙaƙen fata masana kimiyya fiye da dubu, kusan kullum ɗaya, saboda ta gaji da neman sunaye tana tarar da wayam.

Akwai kuma abin da ke faruwa idan niyya ta yi yawa, masu gani suka yi kaɗan. Scots harshe ne da ake magana da shi a Sikotilan, ɗan'uwan Ingilishi na kusa amma mai nahawunsa da adabinsa. A watan Agusta na 2020 wani mai karatu ya bankaɗo cewa maƙaloli fiye da 20,000 na sashen Scots, kaso mai tsoka na dukkan abin da ke ciki, wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su, wanda bai iya harshen ba. Ya fara tun yana ɗan shekara 12. Yakan ɗauko rubutun Ingilishi ya sauya kalmomi ɗaya bayan ɗaya daga ƙamus, ya karkata rubutun sauran yadda za su yi kama da lafazin mutanen can. Ba mugunta ya yi ba, shi a ganinsa taimako yake yi, kuma duk abin da ke motsa nagartaccen marubuci yana tare da shi: yana jin daɗin aikin, yana ganin lamba tana hawa, har an ba shi muƙamin mai kula da shafi. Shekara bakwai yana wannan aiki. 'Yan kaɗan da suka yi masa magana ba su da yawan da za a saurare su, masu harshen kuma ba sa leƙowa.

Labarin ya shafi duk harshen da rubutunsa bai yi yawa a intanet ba, har da Hausa, wadda sashenta na Wikipedia ya tara dubun-dubatar maƙaloli, mafi yawansu a 'yan shekarun nan. A ƙananan sassa irin wannan ana yawan zaburar da marubuta da gasa da kyaututtuka, kuma abin da gasa ta fi iya ƙirgawa shi ne yawa. Ga fassarar na'ura a hannun kowa, tana iya cika shafi cikin minti ɗaya da jimlolin da kalmominsu Hausa ne amma ƙashinsu Turanci. Haɗarin ya wuce kunyar karanta mummunan rubutu, domin kamfanonin da ke gina manhajojin fassara suna ɗibar abin koyarwarsu daga irin waɗannan shafuka, sai na'ura ta koyi kuskure daga wanda ya kwafa daga na'ura. Sashen Ingilishi ya yi fama da yawan masu gadi. Ƙananan sassa matsalarsu ƙarancin mai karatun da ya iya harshen, wanda zai tsaya ya gyara jimla ɗaya ya kuma gaya wa marubucin dalili.

A Sikotilan, makon farko na fushi ne. Wasu suka bi yaron da zagi har ya janye daga shafin yana ba da haƙuri, wasu suka nemi a goge sashen baki ɗaya a sake daga tushe. Ba a rufe shi ba. Cibiyar Harshen Scots ta haɗa kai da 'yan Wikimedia na Birtaniya aka shirya zaman gyara ta intanet a ƙarshen watan na Agusta, aka ci gaba da irinsa bayan haka. Aka goge maƙaloli masu yawa waɗanda ba su gyaruwa, aka sake rubuta wasu daga farko. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo zaman masu magana da Scots ne tun haihuwa, kuma kafin wannan mako ba su taɓa danna maɓallin gyara a Wikipedia ba.